Amya Goma Sha Huɗu da Jirgin da Bai Zo Ba

Hasahisa, Alhamis 13 ga Oktoba 2022, ƙarfe 2:20 na rana

Zuwa ga Kawu Sambo, Hillar Magaji, kusa da Abu Na'ama.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna Dije da Samira. Yaya ƙafar taka? Shekaranjiya na yi magana da Umma a Managil, lafiyarta ƙalau sai ciwon kan nan da ba ya barin ta in zafi ya yi yawa. Ta ce in gaishe da yayanta.

Ina rubuta wannan a kan teburin ofishin kamfanin feshi inda aka turo ni hidimar ƙasa. Minti ashirin da suka wuce aka rubuta aikin mako mai zuwa a allo. Layi na uku ya ce: dajin bagaruwa na gaɓar Hillar Magaji, Talata 18 ga wata, da magariba, feshin jan-baki, tsuntsun nan mai cinye dawa. Na karanta sau uku, na kuma tambayi wanda ya rubuta ko akwai wata Hillar Magaji ban da taku. Babu. Dajin da amyarka take rataye ne.

Na kira lambar Samira sau biyar ba ta shiga. Ko da ta shiga ma na fi son rubutu, domin kunnenka da waya ba sa shiri, kuma magana irin wannan ba na so ta bi ta baki biyu kafin ta iso ka. Alhaji Ɗanjuma zai tashi da lodin albasa gobe, ya ce zai biya ta wajenku.

Sunan maganin fentiyon. Don tsuntsu za a zuba shi, amma ba ya tambayar wa ya taɓa. In ya sauka a kan ƙudan zuma ko a kan furen bagaruwar da suke sha, zai kashe su.

Ba zumar kaɗai nake ji ba, Kawu. Kogi yana janyewa, kun kusa shuka kabewa da kankana a jaraf, ƙasar nan ta gaɓa da ruwa ke bari. Waɗannan furensu iri biyu ne, namiji da mace, kuma garin da ke cikin namijin yana da nauyi da danƙo, iska ba ta iya ɗaukarsa. Ƙudan zuma ne ke kai shi. A gonar jami'a mun rufe furen kabewa ashirin da raga don kada ƙwaro ya shiga, ko ɗaya bai ɗaure ba. Amyarka goma sha huɗu tana yi wa gaɓar nan gaba ɗaya aiki, har gonakin waɗanda ba su taɓa gode maka ba.

Ga abin da za a yi. Ranar Talata bayan sallar asuba, kafin rana ta fito, lokacin da duk suna ciki, a toshe ƙofar kowace amya. Kada a bar ko ɗaya. Kada a buɗe sai jirgin ya wuce. Na ja layi a ƙarƙashin wannan don Samira ta maimaita maka shi. Haka muka yi da akwatunan zuma na jami'a bara da aka yi feshin auduga kusa da mu, ba mu rasa ko ɗaya ba.

Allah ya tsare. Wassalam.

'Yarka, Ilham

*

Hillar Magaji, Lahadi

Ɗiyata Ilham, wa alaikumussalam. Takardarki ta iso jiya da la'asar. Samira ta karanta min sau biyu da ƙarfi, har maƙwabta sunka ji. Muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda kinka san ta, da safe ta ƙi, da rana ta yarda. Dije tana gaishe ki. Ki gaishe da Hannatu in kun yi magana, ki ce mata ta rage shayi.

Jirgin zarzur, tsuntsun da kinka ce jan-baki, ba baƙo ba ne gare mu. Tun ina saurayi sau huɗu ya zo. Yadda Baba ya koya min, shi ma yadda nasa uban ya zo da shi daga ƙasar Sakkwato, ana sauke amya da yamma, a yaɓe bakinta da laka, a sa ta kwale-kwale a ƙetare da ita gaɓa ta can, da an isa a fasa lakar. Bayan kwana uku a dawo da ita. Aikin mutum huɗu ne, kuma ko yaushe sai saƙa ta karye a ɗaya ko biyu. Bana ga ni da wagga ƙafa, samarin gari duk sun tafi haƙar zinariya. Ina cikin tunanin wa zan roƙa sai ga takardarki ta ce ba sai an sauke ba. Na ce alhamdu lillahi, karatu ya yi rana.

Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta ɗan tsaya. Ban taɓa barin zuma a toshe fiye da tsawon ƙetare kogi ba. Amma yini guda ne, kuma ke kin gwada da hannunki. Na faɗa a ƙofar masallaci cewa ɗiyar Hannatu ce ta ga sunanmu a allo tun daga Hasahisa. Malam Lukman ya ce gidan da babu mai karatu sai dai ya ji ƙarar jirgi. Na ce to ni da ba na jin ƙarar ma, Allah ya ba ni ido a can.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki, Sambo

Bashmuhandisa, babbar injiniya, ni ce Samira, na samu wuri a ƙasan takarda. Ki daina kiran gawa, wayata ta faɗa randa tun makon jiya. Ke ɗin nan da ƙudan zuma guda ya kore ki daga ƙofar gidanmu har bakin kogi kina ihu da Larabci, yau ke ce likitarsu? Duniya kenan. Baba ya ninke takardarki ya sa a aljihun gaba, ko ni ba ya bari in taɓa sai in zan karanta masa. In za ki zo hutu ki taho da Hausarki, kada ki bar ta a ofis.

*

Hasahisa, Talata 18 ga Oktoba, ƙarfe 11:40 na safe

Kawu, assalamu alaikum. Ka yafe min gajeriyar gaisuwa, ina fata kuna lafiya.

Ku buɗe amyar nan duka, yanzu, a duk lokacin da wannan ta same ku.

Takardarka ta shigo hannuna ƙarfe 10:50. Da na kai inda ka ce ana yaɓe baki da laka, sai na gane da abin da za ka toshe. Ba laka nake nufi ba. Akwatunan jami'a gindinsu raga ce, ko an toshe ƙofa iska tana shiga ta ƙasa, kuma mukan lulluɓa musu jiƙaƙƙen buhun algarara. Amya kuwa an shafe ta da kashin shanu ko'ina, ƙofar nan ita ce hancinta. Ban rubuta wannan ba domin bai zo min a rai ba.

Abu na biyu: ƙarfe 11:15 aka goge layinku daga allo. Masu bin sawun tsuntsaye sun aiko cewa jan-bakin sun tashi daga dajinku tun jiya, sun yi kudu. Jirgin ba zai zo ba, yau ko gobe. Kada ku jira shi.

Ma'aunin zafi da ke rataye a inuwar ofis yana kan 39. Na kira Alhaji Ɗanjuma, yana hanyar Managil. Ya ba ni lambar mai shagonku, na kira, wata mata ce a Kosti ta ɗauka. Na nemi izinin tafiya, an ce sai shugaba ya dawo ranar Alhamis. Yanzu zan kai wannan tasha in ba direban bas ɗin Singa, in roƙe shi ya ba duk mai zuwa wajenku.

Ku buɗe, don Allah.

Ilham

*

Hillar Magaji, Juma'a bayan an sauko

Ilham, salam. Ni ce, ba Baba ba. Ya ce ba shi da abin faɗa. Lafiyarmu ƙalau, in dai jiki ake tambaya.

Takardarki ta iso yau da hantsi. Kwana biyu ta yi wajen mai shayi a tashar Singa. Na karanta masa. "Ku buɗe yanzu." Ya ce in ninke.

Tunda ke mai son rana da sa'a ce, ga su. Talata bayan asuba muka fita ni da shi, ni na riƙe tsani da ƙwaryar laka, shi ya hau. Goma sha huɗu, ya yaɓe su tsaf, kin san aikin Baba, ko allura ba za ta shiga ba. Da azahar na koma dajin neman itace. Tun daga nesa na ji su. Ba irin kukan da kika sani ba ne, wannan kamar injin ban ruwa in ya kusa ƙonewa. Na ruga gida na ce, Baba, ba lafiya, zo ka ji. Ya zo ya tsaya gindin bishiya, ya karkata kai, ya ce shi bai ji komai ba. Na ce wallahi ihu suke yi. Sai ya zaro takardarki. Karatun boko bai iya ba, amma layin da kika ja ya gane shi. Ya ɗora yatsa ya ce, "Mi anka rubuta nan?" Na karanta. Ya ce, "Jirgi ya wuce?" Na ce a'a. Ya ce, "To."

Da magariba muka zauna tsakar gida muna kallon sama. Ba jirgi. Ya ce ƙila gobe. Laraba na koma, kukan ya ragu, har na yi murna na ce sun haƙura. Ki ji wauta. Alhamis da safe Inna ce ta bi ta dajin, ta dawo mayafinta yana danƙo. Zuma ce ke ɗiga daga kan bishiya. Kakin ya narke, saƙar ta faɗo, zumar ta nemi hanya ta jikin ciyawa tana zuba ƙasa, tururuwa baƙi ƙirin a gindin kowace bishiya.

Baba bai jira tsani ba, da ƙafar nan ya hau ta farko. Ya fasa lakar. Abin da ya zubo ba zan rubuta miki shi duka ba. Kamar an dama kunu da ƙuda. Ga wari. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ni ina bin sa da tsani a banza.

Sha uku sun tafi. Ɗaya ta rage, kin san wacce? Tsohuwar nan ta Kaka mai tsaga a baya, wadda Inna take masa gori shekara biyu ya gyara bai gyara ba. Ta tsagar suka sha iska.

Yau a ƙofar masallaci ba wanda ya ce masa komai. Da sun yi dariya ma da ya fi sauƙi.

Ina da tambaya guda. Kin ce kin nemi izini. In da kin hau bas ɗin da kika ba takardar, da sallar isha kina gidanmu. Ban ce da sun tsira duka ba. Amma ke kika zauna jiran shugaba, Baba ya zauna jiran jirgi, ni da na ji su da kunnena na zauna jiran ku biyun. Da na ɗauki sanda na fasa, ya yi min faɗan yini guda, shi ke nan.

Kada ki rubuto mana ma'alesh, ba haƙurin baki muke nema ba.

Samira

*

Hasahisa, Talata 25 ga Oktoba, ƙarfe 7:30 na safe

Kawu, assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Inna Dije, da Samira. Ina fata ƙafar ba ta ƙaru ba da hawan nan. Ni lafiyata ƙalau.

Ba zan ce ma'alesh ba. Zan ajiye kuskuren a inda yake, don kada ya zauna a kanka.

Na rubuta rana, na rubuta sa'a, na rubuta sunan magani, ban rubuta da me za a toshe ba. Ban kuma sa iyaka ba. Kamata ya yi in ce ko jirgi ya zo ko bai zo ba, a buɗe a lokaci kaza. Na rataye ran zumarka a kan jirgin da ni kaina na san ana ɗaga ranarsa.

Akwai wanda ya fi waɗannan. Na koma littattafaina, na tambayi malamin da ya koya mana. Feshin da magariba ne, lokacin da yawancinsu sun riga sun shiga. Toshewa tun asuba ba ta zama dole ba sam. Tsoro ne ya sa na ƙara sa'a goma sha biyu, ina ganin tsantseni nake yi.

Sau nawa na zo hutu gidanka, ban taɓa tsayawa kusa da amya na dube ta ba. Na ba da umarni a kan abin da ban sani ba.

Samira ta yi gaskiya game da bas. Na ji tsoron a rubuta min rashin zuwa aiki a takardar hidima.

Game da amyar Kaka, abin da nake gani shi ne kada a gyara tsagar yanzu, kada a ɗebi zumarta bana, a ajiye mata ruwa kusa a kasko da tsakuwa a ciki don kada su nutse. Amma in kai ka ga saɓanin haka, naka za a bi.

Wassalam.

'Yarka, Ilham

*

Hasahisa, Alhamis 24 ga Nuwamba, ƙarfe 1:05 na rana

Kawu, assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Yau kwana talatin da na aiko takarda ban ji amsa ba. Alhaji Ɗanjuma ya tabbatar min ya sa ta a hannun Samira. Umma ta ce kun gaisa ta wayar mai shago, Samira tana maimaita maka, ka tambayi kowa har akuyarta, ban da ni. Ban yi ƙorafi ba, ina dai so ka san na sani.

In kun shuka a ƙarshen Oktoba kamar kullum, kabewa za ta fara fure nan da kwana goma ko ƙasa da haka. Amya ɗaya ba za ta ishi gaɓar ba. Akwai abin da hannu zai iya yi. Ban rubuta shi ba sai da na gwada: wani mai lambu a bakin tur'a, magudanar ban ruwa, nan Hasahisa ya ba ni layi guda, na yi wa fure goma, takwas sun ɗaure.

Macen fure tana da 'yar ƙaramar kabewa a gindinta tun kafin ta buɗe. Namijin ba shi da ita, siririn kara kawai. Daga fitowar rana zuwa kamar ƙarfe tara, kafin furen ya rufe, a tsinko namijin da ya buɗe a safiyar, a cire masa ganyen rawaya, a bar ɗan tsinken tsakiya mai gari. Da wannan tsinken, ba da yatsa ba, a shafa a tsakiyar macen a hankali, ko'ina ya samu. Namiji ɗaya ya ishi mace biyu ko uku. A ɗaura zare a wadda aka yi wa don kada a maimaita. Kankana ma haka, sai dai furenta ƙanana ne. In bayan kwana biyar 'yar kabewar ba ta fara girma ba, ba ta kama ba, kuma ba a ɓata komai ba.

Abu na ƙarshe. Akwai 'yar ƙaramar zumar nan mai saƙa guda a fili a jikin reshe, wadda ake ƙonewa don ɗan abin da ke cikinta. Ba 'yar ƙasa ba ce, mun karanta cewa a Khartoum aka fara ganin ta a 1985, ta biyo kogi. Ita ma tana zuwa fure. In za a ƙyale ta bana, a ƙyale ta.

In ba ka so a karanta maka wannan, Samira ta karanta wa Inna.

'Yarka, Ilham

*

Hillar Magaji, Lahadi

Ilham, wa alaikumussalam. Dije ta ce sallama bashin baki ce, ko ana fushi sai an amsa, shi ya sa. Muna lafiya. Ƙafa ta kumbura mako biyu, ta sauka.

Kabewa ta yi fure irin wanda ban taɓa gani ba, gaɓa duk ta yi rawaya. Ni kurma ne, amma ina da ido. Na tsaya tsakiyar gona da hantsi na duba fure ɗaya bayan ɗaya, ba kowa a ciki. Kwana goma na farko 'ya'yan sunka yi ta yin rawaya suna zubewa.

Amyar Baba mai tsagar nan tana da rai. Suna fita, suna kai wa layukan da ke kusa da daji. Nan kabewa ta ɗaure ba wanda ya taɓa ta. Daga rijiyar Malam Lukman zuwa ƙasa, babu. Ana ganin inda ƙarfinsu ya tsaya kamar an ja igiya. Shekara hamsin ina kiwon zuma don zuma, sai da sunka mutu na ga sauran aikin.

Abin da kinka rubuta na fure, ni ban sa hannu ba. Dije da Samira sunka fara, matan maƙwabta sunka gani sunka bi. Yanzu in rana ta fito sai ki ga gaɓa cike da mata a duƙe, kowace da tsinke a hannu. Dije ta ce shekara arba'in tana miyar kabewa ba ta san akwai mai yi mata aiki kyauta ba. Yana kamawa, ban ce ba ya kamawa ba. Amma abin da amya ke gamawa kafin a sha shayi, mace goma ba su gama shi kafin fure ya rufe. In munka samu kashi ɗaya cikin uku na bara, mun gode Allah. Jiya Malam Lukman ya wuce ni ya ce, "Sannu Sambo, matanmu sun gode da sana'a." Na ce Allah ya ba da lada.

Ƙaramar zumar, na hana a ƙona ta. Ba don ke ba, na gan ta kan kankana.

Kin jera laifinki kamar kayan shago. Ajiye. Ke yarinya ce, abin da anka koya miki kinka faɗa. Wanda ban yafe ba nawa ne. Hannuna ya san zuma ba ta kwana a toshe. Da nake yaɓa lakar nan hannun yana gaya min. Na bar takarda ta fi shi, don ina son a ce gidanmu akwai mai karatu, kuma don ƙafata ba ta son kwale-kwale.

Na saƙa sabuwar amya biyar, na turara su da ɗoɗɗoya, na rataye. Har yau wofi.

Abu guda nake nema gare ki. In kin ƙara ganin sunanmu a allon nan, ki gaya min rana. Rana kawai. Sauran ni na sani.

Sambo

Ni ce Samira. Bayana ya ƙage, kin mayar da ni ƙudan zuma ba fiffike. Takardarki ta farko har yanzu tana aljihunsa. Na ce ya ba ni in sa a murhu, ya ce a'a, shi ya san abin da yake tunawa da ita.

*

Hasahisa, Alhamis 22 ga Disamba, ƙarfe 3:10 na yamma

Kawu, assalamu alaikum. Na gode da amsa. Na yi murna da ƙafar ta sauka. Ka gaishe min da Inna Dije da Samira, da matan gaɓa, ko da ba su son jin daga wa gaisuwar ta fito. Umma tana lafiya.

Na ji. Rana kawai. Ba zan ƙara ko kalma ɗaya a kanta ba.

Sai dai ba na so ka dogara da ni a karo na biyu ba tare da ka san girman abin da ka dogara da shi ba. Na zauna na rubuta abin da na sani, bai cika layi uku ba. Ga wanda ban sani ba.

1. Ban san ko jan-baki za su dawo dajinku baɗi ba. Masu bin sawunsu ma sai sun gan su.

2. Ban san ko zan kasance a gaban allon ba. Hidimata tana ƙarewa a watan Yuni, allon jan-baki kuwa sai Oktoba ake rubuta shi. Na roƙi mai rubutawar ya riƙe sunan garinku. Ya ce in sha Allah, bai rubuta ba.

3. Ban san ko ranar da za a rubuta ita ce ranar ba. Na ƙirga na bana: layi ashirin da biyu, tara an ɗaga su, huɗu an goge. Naku yana cikin huɗun.

4. Ban san ko amyar Kaka za ta yi ƙarfin da za ta raba gida bana ba. In ta raba, ban san ko za su shiga sababbin biyar ɗin ko za su ƙetare kogi ba.

5. Ban san a wace sa'a suka mutu ba. Na lissafa zafin ranar da girman amya ta hanya uku, amsar ba ta zo ɗaya ba. Biyu sun ce da na iso da isha, da na tarar an gama. Ɗaya ta ce da na tarar da rabi.

6. Ka ce sauke amya da ƙetarewa da ita aikin mutum huɗu ne, kuma samari ba su dawo ba. Na ƙirga: kai, da Samira, da Inna. Ban san ko za ka yarda in zama ta huɗu ba.

Ilham